Manhajar metafor: ingancinta da iyakarta wajen auna haɗuwar abubuwa biyu masu jawo cuta

Ga ma'aikacin lafiya ko ɗalibin digiri na biyu a Kaduna da yake son tattara sakamakon bincike masu yawa ya fitar da adadi guda, ban ga kayan aiki na kyauta da ya kai metafor ba. Ƙari ce da ake ɗorawa a kan manhajar ƙididdiga ta R, Wolfgang Viechtbauer na Jami'ar Maastricht da ke ƙasar Holan ne ya rubuta ta, ya kuma wallafa cikakken bayaninta a 2010. Ba a biyan ko sisi, intanet kuwa sai lokacin sauke ta kawai, kuma tana tafiya a tsohuwar kwamfuta ko da an ɗauke wuta, muddin batir na da caji. Duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin lasisin Stata, wata manhajar ƙididdiga da ake saya da dala, ya san darajar wannan.

A aikin da aka saba ba ta da makusa. Umarnin escalc yana lissafa girman haɗari daga kowane bincike, rma yana haɗa su, forest kuma ya zana hoton da ke jera kowane sakamako da iyakokin tabbacinsa, wato tazarar da ake sa ran ainihin adadin yana cikinta. Tana kuma ba da ma'aunin I² na Higgins da Thompson na 2002, wanda ke nuna yawan saɓanin da ke tsakanin binciken.

Inda na fi gwada ta shi ne tambayar da ta shafe mu kai tsaye: idan abubuwa biyu masu jawo cuta suka haɗu a jikin mutum guda, illarsu tana ƙaruwa ne kawai ko ninkawa take yi? Masarar Saminaka da gyaɗar da ake adanawa da danshi suna iya yin funfuna mai fitar da gubar aflatoksin, ciwon hanta nau'in B kuma ba baƙo ba ne a asibitocinmu. Wani bincike da aka yi kan maza sama da 18,000 a Shanghai ta ƙasar Sin, aka wallafa a 1994, ya nuna cewa gubar kaɗai tana ninka haɗarin sankarar hanta sau 3.4, ƙwayar cutar kaɗai sau 7.3, idan kuwa suka haɗu sai ya kai 59.4. Ta fuskar ninkawa, wato 3.4 sau 7.3, ana sa ran kusan 25 ne. Ta fuskar tarawa kuwa ana amfani da ma'aunin RERI mai auna rarar haɗarin da haɗuwar ta jawo, wato a cire 3.4 da 7.3 daga 59.4 a ƙara 1, abin da ke ba da rarar 49.7. Wannan ma'auni na biyu shi ne mai amfani ga masu tsara rigakafi, domin shi ke nuna rukunin da za a fi ceton rayuka idan aka kawar da abu ɗaya daga cikin biyun.

A nan ne sai mai aiki ya yi hattara. Lambobin uku duka da rukuni guda ake kwatanta su, wato mutanen da ba su da ko ɗaya daga cikin abubuwan biyu, saboda haka kurakuransu suna da alaƙa da juna, kuma sai an san wannan alaƙa kafin a fitar da iyakokin tabbaci na gaskiya. Umarnin rma.mv yana karɓar wannan bayani yadda ya kamata, amma maƙaloli da yawa ba sa buga shi, dole ka rubuta wa masu binciken ka nemi jadawalin rukunoni huɗun (masu gubar kaɗai, masu ƙwayar cutar kaɗai, masu duka biyun da marasa ko ɗaya) ko ainihin bayanan mahalarta.

Abin da ya fi damuna shi ne sauƙin bin gajeriyar hanya. Da layi guda za ka iya kwatanta ƙarfin illar gubar a kowane bincike da kason masu ciwon hanta a cikinsa, manhajar ta ba ka lamba da hoto mai kyau ba tare da wani gargaɗi ba. Sai dai wannan kwatanci ne tsakanin bincike da bincike, ba tsakanin mutum da mutum ba, alhali binciken sun bambanta a shekarun mahalarta, shan barasa da hanyar auna gubar. Hanyar da ta inganta ita ce a lissafa haɗuwar a cikin kowane bincike tukuna, sannan a tattara. Ko gajeriyar hanyar ma, littafin jagora na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, ya ce kada a bi ta da bincike ƙasa da 10.

Babu maɓallan dannawa, komai rubutawa ake yi, don haka wanda ya saba da RevMan, manhajar Cochrane da ake aiki da ita ta hanyar danna maɓallai, zai sha wuya da farko. Shafin manhajar yana da misalai da yawa da aka warware daki-daki, kuma da su nake fara koya wa ɗalibai. Idan binciken da ke hannunka kaɗan ne, ka sa gyaran Knapp da Hartung na 2003 mai daidaita iyakokin tabbaci, domin ba ya shiga da kansa sai ka nema.