Dashen da na saya a lambun ɗaliban kwaleji a Legas

Duk mai son shuka ɗan ganyen miya a bayan gida a Legas, ina ba shi shawara ya fara leƙa lambun wata kwalejin koyon aikin gona da ke bayan gari, kafin ya tsaya wurin masu jera tukwanen furanni a bakin titi. Lambun na koyarwa ne. Ɗalibai ke nomansa, su sayar wa mutanen waje rarar dashe. Daga Agege tafiyar da nisa, ga cunkoson motoci, amma kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Gefe guda kayan ci ne a kan kunyoyi masu tudu: alayyahu, kuɓewa, shuwaka, ɗaɗɗoya, lalon da Yarbawa ke miyar ewedu da shi, ga ugu yana hawa sanduna. Ɗaya gefen furanni ne da itatuwan ado, an gyara su tsaf, sai dai ban daɗe a can ba, don ba su suka kai ni ba.

Abin da ya fi dashen daraja a wurina shi ne bayanin wata ɗaliba, Bahaushiya haifaffiyar Idi-Araba. Da na ce tumatir nake so, sai ta ce, "Hajiya, bari in nuna miki wani abu tukuna." Ta kai ni gun wani tumatir da ya yi yaushi alhali ganyensa kore shar. Ta yanko karansa ta tsoma a kofin gilashi mai ruwa. Ba a jima ba sai ga wani farin abu yana zirarowa daga bakin yankan kamar zaren madara. Ta ce ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa, tana toshe hanyar da ruwa ke bi a jikin shuka, kuma zafi da laima ne abincinta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tumatirin kasuwar Mile 12 yawanci daga Kano da Kaduna da Filato ake kawo shi.

A Arewa damina ɗaya ce, fargabar manomi ƙarancin ruwa. Nan kuwa ruwa kan sauka daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, saboda haka ruɓewar saiwa ake gudu. Ta koya mini shuka a buhu: a huda gindinsa, a zuba tsakuwa a ƙasa, sannan a cika da ƙasa haɗe da kashin kajin da ya gama ruɓewa, don ɗanye ƙone saiwa yake yi. Ga ƙwari kuma, a jiƙa dakakken ganyen darbejiya a fesa da yamma.

Na sayi zogale, ɗaɗɗoya, shuwaka, attarugu da lemun zaƙi ɗan aure. Kuɗin bai kai na bakin titi ba, kuma duk sun kama. Ɗaɗɗoyar har maƙwabta nake tsinkar wa. Lemun ya fitar da sabon toho sama da wurin auren, na ƙasa kuwa ina cire shi kamar yadda aka gaya mini.

Abin da ya dame ni: babu yakuwa, babu rama, alhali Hausawan Legas ba kaɗan ba ne, kuma za mu saya. Ranakun karatu kaɗai ake buɗewa, mai kasuwa sai ya rufe shago kafin ya je. Wata maƙwabciyata da ta je lokacin hutu ta tarar da dashen ya yi tsayi a leda, saiwa ta nannaɗe, ba kuma wanda zai yi mata bayani. Wannan ya kamata hukumar kwalejin ta duba, domin wahalar yaran nan ce ke lalacewa.

In za ku je, ku je da safe a farkon damina lokacin da ɗalibai ke nan, ku tafi da kwando ko kwali na ɗaukar dashe, don ba su bayarwa.