Kek ɗin shagon bakin tasha a Wudil

Kullum bayan asuba nakan yi gudu har gadar Wudil in dawo, to a hanya ne na gano wani ɗan shago kusa da tasha, wata baiwar Allah ke yin kek. Wallahi na kwakwar nan ya yi, laushi kamar auduga, kana ɓarawa ƙamshin bota na tashi, kuma sukari bai yi yawa ba wanda dama shi ne damuwata saboda gudun. Na cakulan kam ya ɗan bushe, da na faɗa mata ta ce Malam wutar gawayi ce ta yi yawa. Yanzu Juma'a kawai nake saya, guda 2, amma fa a je da wuri don ranar kasuwa ce, kafin azahar ya ƙare.