Ulun tumakin Shetland a mazarina

Tumakinmu na gida, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi ne a jikinsu, ba ulu ba, shi ya sa duk kaɗin da na koya wurin kakata a Zariya na auduga ne. A nan Abadin ta Sukotland, inda muke zaune, audugar kaɗi sai an nema da wahala, ulu kuwa ga shi ko'ina. Wanda zan yi magana a kansa na tumakin tsibiran Shetland ne, can arewa da mu, tafiyar dare guda a jirgin ruwa. Na saye shi ɗanye ta intanet daga wata ƙaramar gona, askin tunkiya ɗaya cif, kilo ɗaya da ɗan ɗoriya.

Ƙananan tumaki ne masu gajeren bindi, sun saba da iska da sanyi, har ciyawar teku suna ci a bakin gaɓa. Tun 1927 aka kafa ƙungiyar da ke kula da asalin irinsu, kuma launi 11 aka amince da su, daga fari fat zuwa baƙi wuluk. Nawa ruwan ƙasa ne mai ɗan ja-ja, ba rini, haka Allah Ya halicce shi.

Ya iso da maiƙo da warin garke, da ƙaiƙayin ciyawa maƙale a wajen wuya. Nan ne na ji haushin mai gonar, don ulun wuya shi ne mafi laushi a jikin tunkiyar gaba ɗaya, kuma shi ya fi cin lokaci wurin tsinta. Na cinya kuwa kaushi gare shi, da dogayen gashi a ciki. Kada ki haɗa su, 'yar uwa. Shimfiɗa askin a ƙasa ki rarraba shi kashi-kashi tun kafin ruwa ya taɓa shi. Wankin ma sai da lallaɓa: ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, a jiƙa, a tsame, ba cuɗawa, ba a kuma zuba masa ruwan sanyi kai tsaye daga na zafi.

Wurin kaɗi ne ya biya ni kuɗina har da riba. Silin auduga gajere ne, sai mazari ya yi ta juyi kafin zare ya kama, ga alli a yatsa. Wannan silinsa ya kai tsawon yatsa, yana da lanƙwasa ƙanana-ƙanana, suna riƙe juna da kansu. Murza kaɗan ta ishe shi. Hannun da ya saba da auduga zai so ya ƙara, to in aka ƙara sai zaren ya yi tauri, laushin ya tafi. Da ulun wuya na fitar da siririn zare wanda ban taɓa samun irinsa da auduga ba, sai na gane yadda matan Unst, ɗaya daga tsibiran Shetland, suke saƙa mayafin da ake zarewa ta cikin zoben aure. Na gadon baya na yi abawa da shi, na saƙa wa maigida hular sanyi. Ba nauyi, ga ɗumi, sai dai ya ce tana ɗan sosa masa goshi. Ni ban ji ba, amma fata kowa da irin tasa, don haka ba zan saƙa wa jariri da shi ba sai dai da na wuyan.

Akwai kuma aikin da ba kaɗi ba saƙa: a jera ulun a gicciye hawa-hawa, a yayyafa ruwan zafi da sabulu, a yi ta murzawa har ya cure ya zama ƙyalle mai kauri irin na hular dara. Yana kamawa ba gardama, amma yana tsukewa sosai. Nawa ya ragu kusan kashi ɗaya cikin uku, sai a yanko da yalwa tun farko. Fuskarsa ba ta yin sumul kamar ta ulun Merino, wani irin tumaki masu laushin ulu, gashin cinya na leƙowa nan da can. Ga takalmin ɗaka ko shimfiɗar tukunya ya yi daidai, da na cinyar ma na yi su. Mai son abin ado mai santsi ta nemi Merino.

Kuɗin aikawa ya kusa kamo kuɗin ulun. In za ki saya, ki tambaya ko an cire ƙazantar gefe kafin a auna, ki kuma nemi hoton tufka ɗaya kusa da rula, don tsawon sili da laushi sun bambanta ƙwarai daga garke zuwa garke.