Cibiyar da ta sa wa 'yata maleriya da yardarta

Ranar da 'yata ta ce min, "Baba, zan shiga gwajin da ake sa wa mutum maleriya," ko tuwo ban iya haɗiya ba. Ni ɗan Argungu ne. Wannan zazzaɓin ne ya ɗauke ƙanena wata damina, cikin kwana uku. Don haka na ce ƙafata ƙafarta, sai na ga wurin da idona.

Cibiyar binciken rigakafi ce a nan Ingila. Sun karɓe ta ne saboda a nan aka haife ta, ba ta taɓa yin cutar ba. Irina da jininmu ya saba da ita ba sa ɗauka. Sun auna zuciyarta, sun duba ko tana da ɗigon sikila, likitar kuma ta zauna da mu fiye da awa guda. Sau biyu tana maimaita mata cewa duk ranar da ta ga dama za ta iya janyewa, a ba ta magani.

Ranar cizon, kofi ne aka rufe bakinsa da raga, sauro 5 a ciki, aka kifa mata a hannu. Bayan sun sha jini aka feɗe su don a tabbatar suna ɗauke da ƙwayar cutar. Da mako ya kusa zagayowa aka fara ɗibar jininta safe da yamma. A kwana na 11 ciwon kai da rawar sanyi suka sauko. Ƙarfe biyun dare na buga lambar da suka ba mu, likita ya ɗauka nan take. Maganin irin Coartem ɗin da muke saye a kemis a gida ne, na kwana uku, a gabansu ta fara sha.

Inda suka gaza: takardar bayanin doguwa ce, Turanci zalla, mahaifiyarta ba ta samu wanda ya yi mata bayani ba sai ni. Zirga-zirgar ma ta ci mata darussa da yawa, kuɗin da suka biya bai kai wahalar ba.

Duk da haka na yaba musu ƙwarai. Rigakafin maleriya mai suna R21 na Jami'ar Oxford ta irin wannan gwaji ya biyo, kuma a Disambar 2024 aka fara yi wa yara shi a Kebbi da Bayelsa. Jikar ƙanwata a Argungu ta karɓi allura uku, saura ta huɗu.