Zell am See: garin ya yi, amma aljihu zai ji a jikinsa

Masu tambayata ko Zell am See ya cancanci a kwashi iyali a je hutun bazara, amsata eh ne, tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan kuma tsada da cinkoso ne suka cinye shi. Ƙaramin gari ne a jihar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, mutanensa wajen 10,000 ne kawai, yana manne a bakin tafki duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina. Daga birnin Salzburg muka hau jirgin ƙasa, tafiyar ba ta wuce awa biyu ba, kuma tashar tana bakin ruwan, kana saukowa ga tafkin nan a gabanka.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne Larabawa. Wallahi da yamma in ka bi titin bakin ruwa sai ka rantse a Jidda kake, 'yan Saudiyya da Kuwait da Daular Larabawa ne ko ta ina, sun gudo wa zafin ƙasarsu, har ruwan saman da mu muke neman wurin fakewa su fitowa suke suna ɗaukarsa a waya. Mu dai hakan ya yi mana rana, don abincin halal ba sai ka sha wahalar nema ba, menu ma da Larabci ake rubutawa a wurare da yawa, kuma ba wanda ya tsaya kallon uwargida don ta sa hijabi. Sai dai masu niƙabi su sani, tun 2017 Ostiriya ta hana rufe fuska a bainar jama'a, tarar tana kaiwa yuro 150.

Ni abin da ya fi burge ni tarihin wurin ne, wanda yawancin baƙi ko ta kansa ba sa bi, hoto kawai a yi gaba. Ruhubanawan Kirista ne suka kafa garin wajen shekara ta 740, kuma ya daɗe yana ɗan kasuwar da fatake masu tsallaka duwatsu ke yada zango, gishiri ya yi kudu, giyar inabi ta yo arewa. Jirgin ƙasa ne ya juya komai da ya iso a 1875, daga nan masu kuɗin Vienna suka fara zuwa shan iska, aka gina Grand Hotel ɗin nan da ke kan tsinin da ya shiga ruwa a shekarun 1890. Wani abin dariya, a shekarun 1880 kafin zuwan firji, ƙanƙarar tafkin nan sana'a ce, in ya daskare da sanyi sai a yanka a loda a taragu a kai wa masu kamfanonin giya a Jamus. A tsakiyar gari akwai tsohuwar hasumiya Vogtturm da ake cewa ta kai shekara dubu, an maida ta gidan tarihi, ƙarama ce amma ku shiga, matakalar ce dai ba ta masu ciwon gwiwa ba. Masu son mota kuma, gidan gonar iyalan Porsche yana nan gefen garin, can ma aka binne Ferdinand Porsche.

Tafkin kansa tsawonsa kusan kilomita 4 ne, ruwan garau kana hango duwatsun ƙasa. Mun shiga jirgin ruwan da ke zagayawa, yara sun ji daɗi, mun kuma hau kebul ka, akwatin nan mai tafiya a jikin waya, zuwa saman dutsen Schmittenhöhe mai tsawon mita 1,965, tun ƙarshen shekarun 1920 ake hawa da mutane a haka. Mai son taɓa dusar ƙanƙara a watan Yuli sai ya wuce dutsen Kitzsteinhorn ta garin Kaprun, amma ya riƙe rigar sanyi, can sama ba ruwansa da bazara.

Yanzu ga inda tauraron ya zube. Otel ɗinmu ɗaki ne ɗan tsukuku ba AC, kuɗin kuwa ba a magana, ga hayaniya har tsakar dare saboda muna tsakiyar gari, wurin fakin kuma masu mota kuka suke da shi. Shawarata ku nemi masauki a Thumersbach, ƙauyen da ke tsallaken tafkin, ya fi shiru kuma jirgin ruwa yana tsallako da mutane. Kafin ku biya kuma ku tambaya ko masaukin yana bada katin bazara na Zell am See-Kaprun, ba duka ke bayarwa ba, kuma da shi hawa Schmittenhöhe da shiga wuraren wankan bakin tafki ba sai kun sake ciro kuɗi ba, in kuna da yara da yawa bambancin ba kaɗan ba ne.