Core Temp, HWMonitor ko HWiNFO: wacce ce ke faɗin gaskiyar zafin furosesa?

Malam na ga tambayarka. Ka ce ka ɗaga gudun furosesanka na Intel, i7-9700K, zuwa 5.0GHz, da ka ɗora masa lodi, wato aiki mai nauyi, manhajar Core Temp ta nuna maka zafin digiri 88, HWMonitor ta nuna 90 a wani layi kuma 58 a wani layin, ita kuma manhajar da ta zo da madabod ɗinka ta ce 64, shi ne kake son sanin wacce ce maƙaryaciya a cikinsu. To gaskiya babu wacce ta yi maka ƙarya, ba wuri ɗaya suke aunawa ba ne kawai, kuma 88 da 90 ɗin nan su ne naka, sauran ka manta da su.

Ga yadda abin yake. A cikin furosesan Intel kowace ƙwaya (core) tana da nata sensa mai auna zafi a jikinta, kuma shi wannan sensan ba ya cewa "zafina digiri kaza ne", abin da yake faɗa shi ne saura nawa ya kai iyaka, wato TjMax, inda furosesa zai fara rage gudu da kansa don kar ya ƙone. Naka iyakarsa 100 ne. In sensa ya ce saura 12 sai manhaja ta cire 12 daga 100 ta rubuta maka 88. Shi ke nan lissafin fa. Shi ya sa a zamanin Core 2, tsofaffin furosesan Intel, ake ta rigima, lokacin Intel ba ta sa lambar TjMax a inda manhaja za ta karanta ba, kowa sai ya yi ta canka, wata ta ɗauka 85 wata ta ɗauka 100, furosesa ɗaya a daƙiƙa ɗaya amma bambancin digiri 15. Tun da aka fito da Core i7 na farko a 2008 lambar tana cikin furosesan kowa na iya karantawa, don haka yanzu duk manhajar da aka sabunta abu ɗaya za ta ba ka in layi ɗaya kake kallo.

Core Temp aikinta guda ne kuma ta iya shi, zafin kowace ƙwaya daban-daban, mafi ƙasa da mafi sama, ga TjMax ɗin a rubuce kana gani, ba ta da nauyi kuma za ka iya barin lambobin a gefen agogo can ƙasa kana aikinka kana leƙawa. Matsalarta a wajen mai ƙara gudu shi ne ba ta fita wajen furosesa, ba za ta gaya maka zafin ɓangaren da ke ba shi wuta a jikin madabod ba, wanda kuma shi ne yakan fara gajiya a kan madabod mai arha in ka ƙara boltej.

HWMonitor ta kamfanin CPUID ce, masu CPU-Z. Ita komai take kwasowa ta zube maka, furosesa, katin hoto, faifai, fankoki, kuma nan ne mutane ke ruɗewa don sunayen layukan ba sa taimako ko kaɗan, ka ga CPUTIN, AUXTIN, TMPIN0, TMPIN1 babu mai ce maka wanne ne wanne. Wancan 58 ɗin da ka gani daga ɓangaren madabod ya fito, yawanci ɗan sensa ne a kusa da soket, wato mazaunin furosesa, wanda wani ƙaramin cif na Nuvoton ko ITE ke karantawa, yana wajen furosesa ne ba cikinsa ba, zafi kan ɗauki lokaci kafin ya iso shi kuma ba ya isowa gaba ɗaya. Wani lokacin ma za ka ga layi ya nuna 127 ko lamba ƙasa da sifili, wannan ƙafa ce da ba a haɗa ta da komai ba, kar ka tayar da hankalinka. 90 ɗin kuwa layin Package ne, shi yana bin wuri mafi zafi a duk cikin furosesan, shi ya sa kullum yake daidai da ƙwayar da ta fi zafi ko ya ɗan ɗara ta. Bambancin digiri 2 tsakaninsa da Core Temp ba komai ba ne, ba ma a daƙiƙa ɗaya suke karantawa ba.

Manhajar madabod ba zan daɗe a kanta ba. Ta saita fanka da fitilu, wannan aikinta ne, amma lambar zafinta sau da yawa an sassauta ta don kar fanka ta dinga tashi tana sauka kamar mai haki. Haka lambar da kake gani a BIOS, wato shafin saitin madabod kafin Windows ta tashi, a can furosesa ba ya cikin barcin ajiye wuta irin na Windows kuma babu lodi a kansa, ba ta gaya maka komai a kan ƙarin gudun da ka yi.

Ni HWiNFO nake amfani da ita kuma ita zan ce ka ɗauka. Farkon buɗewa za ta tsorata ka don layuka sun fi ɗari, ka zaɓi Sensors-only kawai. Abin da ya sa ta fi sauran ba wai lambarta ta fi gaskiya ba ne, sensa ɗaya suke karantawa da Core Temp, a'a ita tana gaya maka daga ina kowace lamba ta fito, na furosesa a rukuninsa na madabod a nasa. Sannan tana da abubuwa uku da mai ƙara gudu ba ya rabuwa da su: layin Thermal Throttling da zai koma Yes in ko sau ɗaya furosesa ya taɓa iyaka, layin Effective Clock da ke nuna gudun da aka yi da gaske ba wanda ka rubuta a BIOS ba, sai layin WHEA can ƙasa mai ƙirga kurakurai, in ka ga ya tashi daga sifili to saitinka bai zauna ba ko da kwamfutar ba ta mutu ba. Tana kuma rubuta komai a fayil ka duba daga baya. A saitinta na asali duk daƙiƙa 2 take karantawa, za ka iya rage shi in kana son kama tsallen zafi na ɗan lokaci.

Akwai Real Temp, tsohuwar hannu ce ta Intel kaɗai, ta daɗe ba a sabunta ta ba. AIDA64 tana da kyau amma ta kuɗi ce. Intel XTU ma tana nuna zafi in dama da ita kake saitin.

Masu Ryzen ku naku labarin daban ne, bari in ɗan ratse. A 2017 AMD ta ƙara digiri 20 da gangan a kan lambar Tctl, wato zafin da fanka ke bi, ta 1600X da 1700X da 1800X don fanka ta tashi da wuri, 2700X na 2018 aka ƙara masa 10, Threadripper 1950X kuwa 27. Mutane da yawa sun yi ta canza man da ake shafawa tsakanin furosesa da na'urar sanyaya a banza suna zaton furosesansu na tafasa, alhali layin Tdie, wanda babu ƙari a kansa, shi ne na gaskiya. Daga Ryzen 3000 babu wannan ƙarin, layi ɗaya ne Tctl/Tdie. Amma har yanzu Ryzen Master, manhajar AMD, za ta nuna ƙasa da HWiNFO kaɗan don ita matsakaici take ba ka, waccan kuma wuri mafi zafi. Kuma Ryzen 7000 irin su 7950X an yi su ne su hau har 95 in lodi ya yi nauyi, ba lalacewa ba ce.

Mu dawo kanka. Ka rufe sauran duka ka bar guda ɗaya, in manhajoji uku suna tambayar sensa ɗaya a lokaci guda sai ka ga lambobi na tsalle ko layi ya ɓace, kuma su kansu suna tashin furosesa daga barci su ƙara masa zafi. Ka daina damuwa da lambar da yake nunawa in yana zaune ba aiki, sensan Intel an gyara shi ne ya fi daidai a kusa da iyaka, can ƙasa yakan kauce da wasu digiri. Ni ma na taɓa ɓata yini guda ina cire na'urar sanyaya ina mayarwa saboda ƙwaya ɗaya ta fi 'yan'uwanta da digiri 6 a zaune, da na sa lodi sai suka kusan haɗewa, wahalar banza.

Ka danna ɗan agogon da ke ƙasan HWiNFO ya goge tsofaffin lambobi, ka kunna Cinebench R23, manhajar da ke ɗora wa furosesa lodi, na minti 10, ka duba Maximum da Average na Package. Prime95, wata manhajar gwajin lodi, in saitinta na Small FFTs da AVX suna kunne, zai fi haka zafi sosai, babu wasan da zai gasa furosesa irin haka, don haka sai ka faɗi da wanne ka samu 90 ɗin. In da Prime95 ne ni ban ga abin tsoro ba, in kuma a cikin wasa ne kake ganin 90 to boltej ɗinka ya yi yawa ko sanyayarka ta gaza, ka rage shi kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Ka kuma rubuta zafin ɗakin lokacin gwajin, don in ɗaki ya ƙaru da digiri 5 furosesa ma kusan haka zai ƙaru, kuma saura 10 kawai gare ka.

Turo hoton HWiNFO bayan gwajin, a ga layin Vcore, wato boltej ɗin furosesa, da na Throttling a ciki, da sunan na'urar sanyayar da ka ɗora masa.