Kotun Ƙolin Ghana da Kotun ECOWAS: ta wa ake bi idan hukunci ya saɓa?

Alhaji, tambayarka daga Nima ta iso. Ka ce wani ɗan'uwa ya sha kaye a kotu a nan Accra, mutane suna ta zuga shi ya garzaya Abuja wai kotun ECOWAS ta fi ta gida ƙarfi, kuma kana son sanin wane hukunci hukuma za ta bi idan biyun suka saɓa. Kowace daga cikinsu tana da inda maganarta ke ci. A cikin Ghana ta Kotun Ƙoli ake bi. A gaban sauran ƙasashe kuwa, hukuncin Abuja bashi ne a wuyan gwamnati har sai ta biya.

Mu fara da ta gida. Sashe na 1(2) na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce shi ne dokar ƙoli, duk dokar da ta ci karo da shi ta rushe gwargwadon saɓanin. Sashe na 129 ya ce daga Kotun Ƙoli babu sauran ɗaukaka ƙara. Sashe na 11 ya jero inda dokokin Ghana suke fitowa, kuma babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa a jerin. Shugaban ƙasa zai sa hannu, Majalisa ta amince bisa sashe na 75, Ghana ta ɗauru a waje. Amma alƙalin da ke zaune a Babbar Kotu ba ya zartar da yarjejeniyar sai Majalisa ta mayar da ita dokar ƙasa.

Ita kotun Abuja hujjarta daban. Sashe na 15(4) na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a Kwatano a 1993 ya ce hukuncinta wajibi ne a kan ƙasashen ƙungiyar. Tun 2005 aka buɗe wa talaka ƙofa ya kai ƙarar take haƙƙin ɗan Adam da kansa, ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Sharaɗin shi ne ya bayyana sunansa, kuma kada maganar ta kasance a gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Dokar yarjejeniyoyi ta duniya ma tana bayanta: ƙasa ba ta fakewa da dokar cikin gida don ta ƙi cika alkawarin da ta sa wa hannu.

Ga inda mutanenmu suke yawan zubar da kuɗin lauya. Kotun ECOWAS ta sha faɗa da bakinta cewa ita ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce. Ba za ta sake auna shaidu ta ce fili na wane ne ba, ba ta soke hukuncin alƙalin Ghana. A ƙarar haƙƙin ɗan Adam gwamnati ake kaiwa, ba maƙwabci ko mai gida ko abokin ciniki ba. Abin da take dubawa shi ne ko ƙasa ta take haƙƙi: an tsare mutum ba shari'a, an hana shi lauya, an yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Idan ta samu haka, sai ta ce a biya diyya ko a sake shi.

To, wa zai karɓo maka diyyar? Kotun ba ta da 'yan sanda. Magatakardarta takan aika takardar zartarwa ga ofishin da ƙasar ta ware, sannan a bi ƙa'idar kotunan ƙasar. A nan jaki yake tsayawa. A shari'ar Chude Mba, a 2013 kotun ECOWAS ta umarci Ghana ta biya shi diyyar dala 800,000. Da aka kawo hukuncin Babbar Kotu a Accra don a zartar, sai ta ƙi a 2016, bisa hujjar cewa ba a mayar da yarjejeniyoyin kotun dokar Ghana ba. A Najeriya an ce a saki Kanar Sambo Dasuki a 2016, bai fito ba sai Disambar 2019. Amma Nijar ta biya Hadijatou Mani sefa miliyan 10 bayan hukuncin 2008 kan bauta. Wato biya ko ƙin biya ya fi rataya a kan niyyar gwamnati.

Kada a haɗa ta da Kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya. Ghana ta yarda tun 2011 mutum ya kai ƙara can da kansa, sai dai can dole ka ƙare duk matakan gida tukuna. Ɗan kasuwa Alfred Woyome ya je can a kan sidi miliyan 51.2 da Kotun Ƙoli ta ce ya mayar wa gwamnati. A Nuwambar 2017 Arusha ta ce a dakata da taɓa kadarorinsa, Kotun Ƙoli ba ta dakata ba, a 2019 kuma Arushar da kanta ta ce ba a take masa haƙƙi ba.

Misalin da ya fi fito da abin fili a Tema ya faru. A Oktobar 2012 jirgin ruwan horar da sojojin Ajantina, ARA Libertad, mai dogayen sanduna da filafilai, ya tsaya a tashar jiragen ruwa don ziyara. Kamfanin NML Capital da ke bin Ajantina bashi ya samo umarnin Babbar Kotu, aka hana jirgin motsi fiye da wata biyu. Ranar 15 ga Disamba kotun dokokin teku da ke Hambug a Jamus ta ce a sake shi ba sharaɗi, kwana huɗu bayan nan ya tashi. A Yunin 2013 Kotun Ƙoli ta soke umarnin Babbar Kotun, ta ce jirgin yaƙin wata ƙasa yana da kariya. Amma a cikin hukuncin nan ta nuna cewa umarnin Hambug bai ɗaure kotunan Ghana ba matuƙar babu dokar Majalisa. Ta isa inda Hambug ta isa, ta hanyarta.

Ko a Turai rigimar ba ta mutu ba. Kotun Tarayyar Turai ta kafa tun 1964 cewa dokar tarayya ce a sama, alƙalan ƙasashe suna ajiye dokar gida su bi ta. Duk da haka a Mayun 2020 kotun tsarin mulkin Jamus ta ce wani hukuncin Kotun Tarayyar ya wuce hurumi. Bambancin shi ne can akwai tara mai zafi: a 2021 an ɗora wa Poland yuro miliyan 1 kowace rana.

A ganinmu gyaran yana hannun Majalisa. Ɗan Ghana, Mai Shari'a Edward Amoako Asante, ya shugabanci kotun ECOWAS daga 2018 zuwa 2024. Bai dace ƙasar da ta ba da shugaba ta bar mai ƙara riƙe da takardar hukunci yana yawo ofis-ofis ba.

Shi ɗan'uwan naka, Alhaji, ya fara duba kwanakinsa. Ɗaukaka ƙarar da ba ta laifi ba daga Babbar Kotu wata uku ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 21 idan umarnin tsakiyar shari'a ne. Neman Kotun Ƙoli ta sake duba hukuncinta wata ɗaya ne. Shigar da ƙara a Abuja ba ya tsayar da wannan lissafi, ba ya kuma hana wanda ya yi nasara zartar da hukuncinsa. Ya nemi cikakken kwafin hukuncin da na zaman kotu mai hatimi, ya kai wa lauya, ya tambaye shi wane haƙƙi takamaimai hukuma ta take. Idan lauyan ya kasa nuna shi, kuɗin Abuja gara ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara kafin wa'adi ya cika.